Jan Fentin Inna a Birkin Motar Yaya

Ranar sunan ɗan Rabi'u ina zaune a zaure ina jin ku 'ya'yana kuna ba baƙi labarin, ana dariya har wani ya ƙware da shayi. Wai Baba ya taɓa yi wa birkin mota kwalliya kamar amarya. Ban san karo na nawa ke nan ba, kuma duk lokacin da aka ba da shi sai an ƙara masa gishiri. Da can jan fenti ne kawai. A bakin Rabi'u yanzu har da zanen fure. Tunda nake ban taɓa zana fure a jikin komai ba. To, tunda tarihina da nake rubuta muku ya kawo ni kan shekarar da abin ya faru, zan faɗi yadda abin ya kasance, ko da yake gaskiyar ta fi ƙaryar muni a kaina. Ku karanta a hankali, kada ku yi tsallake kamar yadda kuka saba.

A shekarar da masara ta yi kyau har buhu ya yi wuya a Yako, Yaya Garba ya sayo mota. Tsohuwar a-kori-kura ce fara, ko in ce ta taɓa zama fara. Nufinsa ya riƙa ɗauko masara da dankali daga Doguwa, shinkafa daga Tudun Wada, ya kai kasuwannin da ke kusa. Ku ba ku san Yaya Garba da ƙuruciyarsa ba. Mutum ne da zai manta garma a gona ya zo ya yi barci har da minshari. Ni kuwa kun san ni. Sai in rufe shago in kai ƙofar masallaci, in dawo in ja kwaɗon in ji ko ya kama, in koma, a raka'a ta biyu in fara tunanin ko da na ja shi na buɗe shi. Tun ina yaro ake ce mini In-fa, saboda ba a gama shawara a gidanmu ban ce "in fa kaza ya faru?" ba. Da yake ni ne na gama firamare, sai Yaya ya ce takardun mota da kula da ita suna hannuna, shi nasa tuƙi. Ya ɗauka sauƙi ya yi mini. Daga ranar ban sake cin tuwo hankali kwance ba. Kowace safiya in duba ruwan lagireto, in duba mai, in bi tayoyi huɗu ina dannawa da babban yatsa, kamar yatsana ya san wani abu game da iska.

Mai gyara mana motar Tanimu ne, ɗan Kawu Isa, ƙanen Inna. Garejinsa yana Tudun Wada, ƙarƙashin wata babbar darbejiya. A gidanmu ya yi rabin ƙuruciyarsa bayan rasuwar mahaifiyarsa. Kwano ɗaya muka ci, tabarma ɗaya muka yi wa fitsari, ko da yake har ya mutu yana cewa ni ne. Taubashina ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, don haka a bakinsa ni bawansa ne. Bai taɓa kiran sunana ba. Ko a gaban surukaina sai ya ce "bawana". Kuma yana da wata mummunar ɗabi'a: duk inda ya gan ni, kafin sallama sai ya fizge hulata ya ɗora a kansa, da hannunsa mai baƙin mai. Huluna nawa ya ɓata mini, Allah ne ya sani. Na yi faɗa, na kai ƙara wurin Inna, na koma sa tsohuwar hula idan zan je Tudun Wada, sai ya ce na raina shi. A lokacin da an tambaye ni abin da na fi so a duniya, da na ce Tanimu ya bar mini hulata.

Sai kuma ku san fentin Inna. Tana da wani ɗan gwangwani na jan fenti, ragowar wanda aka shafa wa ƙofar zaure, tana ajiye shi a bayan gadonta. Duk kwano, duk tukunya, duk faranti da ya shigo gidanmu sai ta kifa shi, ta tsoma tsinke ta yi masa ɗigo uku a gindi, a jere. Idan an yi biki ko suna an aro kwanuka daga gida goma, bayan an watse kowa ya san nata. Har daga garin Ba'awa an taɓa dawo mata da langa bayan shekara biyu saboda ɗigo ukun nan. Mun tashi muna ganinsu a ƙarƙashin duk abin da muka ci abinci a ciki, ni da Yaya da Tanimu.

Ana saura mako guda a fara jigilar kaka, Yaya ya ce ranar Asabar za mu kai motar wurin Tanimu ta yi kwana uku, a duba ta ciki da waje kafin a fara bin hanyar dajin Falgore da kaya. A makon ne na zauna wurin mai shayi ranar kasuwa, kusa da wani direban babbar mota. Ban san shi ba, ban sake ganinsa ba, amma na so a ce ranar gida na sha koko. Yana ba mutane labari ne, ba da ni yake ba.

"Kai dai kada motarka ta kwana a gareji," in ji shi. "Za a ba ka ita tana tafiya sumul, amma cikinta ba naka ba ne. An cire mai kyau an sa maka gajiyayye. Ni kalifa biyu aka canja mini, sai da na zo gangara na sani."

Na ce, "Malam, mene ne kalifa?"

"Ƙarfen da ke bayan tayar gaba. Shi ne yake damƙe faifan birki in ka taka. In babu shi sai kalmar shahada."

Ya shanye shayinsa ya tafi abinsa, ya bar ni da maganar.

Ina so ku fahimci wannan wurin da kyau. Ban ce Tanimu ɓarawo ne ba. Ban faɗa da baki ba, kuma ko a zuciyata ban jera waɗannan kalmomi ba. Abin da na ce shi ne, in fa? In fa wani mai mota ya zo a matse, Tanimu ya ara masa namu da niyyar ya mayar, ya manta? In fa ya tafi salla wani ya zagayo? In fa shi ma an ruɗe shi? Na yi kwana uku ina jujjuya wannan, kuma ta ko'ina na biyo sai in ga Yaya a gangara da buhu talatin a baya yana taka birki babu komai. Ban iya tambayar Tanimu ba, don me zan ce masa? Ban iya gaya wa Yaya ba, don dariya zai yi. Ranar Laraba na ga Inna ta kifa wani sabon kwanon sha tana yi masa ɗigonta, sai na ji kamar an buɗe mini taga. Na ce ai ga magani a cikin gida.

Ranar Alhamis da hantsi, Yaya ya tafi fadama, na shiga wurin Inna na ce ta ara mini gwangwanin.

"Me za ka yi da shi?"

"Tsatsa ce ta kama wani ƙarfe a motar, Inna. Zan shafa masa."

Wannan ita ce ƙaryar farko, kuma ban yi ta da kyau ba, don ta daɗe tana kallona kafin ta miƙo.

"Ka dawo mini da shi a rufe. Kuma kada ka tsoma mini ƙazamin tsinke."

Na sa jak na ɗaga gaban motar a ƙofar gida. Na sa dutse a bayan kowace taya, na ƙara turmi a ƙarƙashi don kada jak ɗin ya zame, na sake ƙara guntun icce don kada turmin ya tsage. Mahaifiyarku ta fito neman turminta ta same shi a ƙarƙashin mota.

"Malam, da me zan yi daka?"

"Ki ara a maƙwabta."

"In ce musu me? Namu yana gyaran mota?"

Na cire tayar hagu, na ga abin da direban nan ya faɗa: wani dunƙulen ƙarfe mai datti ya rungumi gefen faifan. Niyyata ɗigo uku ne kawai, wallahi, irin na Inna. Na goge wurin da tsumma na ɗiga. Na ja da baya na duba. Sai na ce, in fa laka ta rufe su? Na ƙara musu girma. Na ce, in fa an kankare da wuƙa? Ko in fa wanda zai canja ya ga ɗigon, ya samo jan fenti ya yi wa gajiyayyen irinsa? Ɗigo uku ai kowa zai iya. Amma in duk ƙarfen ja ne, ciki da waje, lungu da saƙo, babu mai zaman kwaikwayon wannan. Na aika aka sayo mini ɗan burushi. Na ga fenti ba zai kama a kan datti ba, don haka na ɗebo kananzir na wanke wurin tas, har da faifan, har da 'yan allunan nan biyu da ke gugar faifan, waɗanda daga baya na ji ana ce musu fad. Ni a ganina tsabta nake yi. Sannan na shafa fentin. Ban bar ko'ina ba. Akwai wasu ƙusoshi biyu masu santsi da ƙarfen yake zamewa a kansu, na cika su. Akwai wata roba mai lanƙwasa, na bi ta. Inda burushi bai shiga ba na sa gashin kaza. Da ya sha iska na ga kamar ya yi shara-shara, na sake shafawa. Haka na yi wa na dama.

Duk wannan Inna tana zaune a bakin zaure a kan kujerarta tana tsinkar zogale, tana ba ni umarni kamar ta shekara tana gyaran mota.

"Ka bar can wurin, yana zuba ƙasa."

"Na gani, Inna."

"Ba ka gani ba. Fentin shekara biyar za ka ƙarar mini a yini ɗaya. Wannan tsatsar ita kaɗai ce a duniya?"

Mahaifiyarku ta leƙo ta ce, "Inna, ƙyale shi. In ya gama da motar sai mu miƙa masa akuya."

Da na gama da birki, fenti ya ragu kaɗan a gindin gwangwani. A nan ne na yi abin da ya fi komai. Na ce tunda an fara, me ya sa kalifa kaɗai? Na buɗe gaban motar, na ɗauki tsinke, na bi batir da kafireto da lagireto da duk abin da na ga yana da ƙusar da za a iya kwancewa, kowanne na yi masa ɗigo uku a jere, a gefen da ido ba ya saurin kaiwa. Kafin la'asar na mayar da tayoyi, na ɗaure kowace ƙusa sau uku, na share ƙasa, na wanke turmi. Yaya ya dawo bai ga komai ba. Ranar na ci tuwo har na nemi ƙari.

Asabar da safe muka kama hanya. Ba mu yi nisa da Yako ba na fara jin wari, kamar an jefa tsohon takalmi a murhu. Yaya ya ce wani ne yake ƙona shara. Muka wuce sharar, warin ya biyo mu. Sai motar ta fara ja gefen hagu, Yaya yana dawo da ita yana tsaki.

"Yau kuma me ya same ta? Kamar jakin da ya ga gidan tsohon ubangidansa."

Na san aikina ne. In na faɗa, sai ya ce don me. In na ce tsatsa, sai ya ce yaushe na zama makanike. Na ce a raina bari mu ƙarasa, saura kaɗan. Ku dubi wannan da kyau: mutumin da ya hana kansa barci don tsoron birkin Yayansa, ga shi zaune kusa da Yayan, birki yana ƙonewa, ya yi shiru don kunya.

Kafin Tudun Wada akwai wata 'yar gangara da ke sauka kan gada. Muna saukowa garken shanu ya fara tsallaka titi. Yaya ya taka birki. Motar ba ta tsaya ba, sai ta yi wani kuka ta juya hanci hagu, ta tafi a karkace kamar kaguwa. Ya sake takawa da ƙafa biyu yana salati. Muka sauka daga kwalta, muka bi ta kan burji, muka tsaya tayar gaba tana leƙen rami, wani ɗan maraƙi yana shinshinar fitilarmu. Bafulatanin da ke kora su, dattijo ne da sanda a kafaɗa, ya dube mu ya dubi hayaƙin da ke fita daga bayan taya.

"Sannunku. Motarku tana dafuwa," in ji shi, ya bi shanunsa.

Babu kaya a bayanmu ranar. Na sha lissafa abin da zai faru da akwai, kuma da a Falgore ne. Har yanzu ina lissafawa.

Yaya ya sa motar a giya ta ɗaya, muka lallaɓa har gareji. Akwai direbobi huɗu ko biyar zaune a benci a inuwar darbejiya. Ban gama fitowa ba Tanimu ya fizge hulata ya kifa a kansa.

"Yaya Garba, sannu da hanya. Motar za a gyara ko bawan nawa? In shi ne ka mayar da shi, babu kayan gyaransa a kasuwa."

Yaya ya gaya masa abin da ya faru a gada. Tanimu ya daina dariya, ya kai hannu kusa da tayar ya janye da sauri. Ya jira ta huce, ya ɗaga motar ya cire ta. Direbobin suka taso. Ga kalifa ja wur, fentin ya yi ƙuraje don zafi, wani wurin ya narke ya gangaro kan faifan ya ƙone baƙi. Wani ya ce, "Ikon Allah." Yaya ya juyo ya dube ni. Tanimu bai dube ni ba. Ya lakato fentin da farce ya kai hanci, ya tsaya. Sannan ya miƙe ya je ya buɗe gaban motar. Na ga ya sunkuya wurin batir. Ya matsa wurin kafireto, ya leƙa gefensa. Ya sa yatsa a kan ɗigo ukun, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga su. Duk wanda ke wurin ba wanda zai san ma'anarsu, ko Yaya bai matso ya gani ba. Amma Tanimu ya wanke kwanukan Inna shekara bakwai. Ya san abin da ake yi wa ɗigo uku: abin da zai shiga hannun mutane, ana tsoron kada ya dawo ba shi ba.

Ya rufe gaban motar a hankali. Ya cire hulata daga kansa, ya kaɗe ta, ya goge hannunsa a riga, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Ga hularka, Malam Hamisu."

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar.

Ɗaya daga cikin direbobin ya ce, "Wai Tanimu, mene ne wannan? Wa ya yi wa birki fenti?"

Na jira ya faɗa. Da ya faɗa, da kafin magariba duk Tudun Wada ta san na ɗauki ɗan kawuna ɓarawo, kuma da Kawu Isa ya ji, da Inna ta ji daga bakin ƙanenta. Sai Tanimu ya yi wata 'yar dariya ya nuna ni ya ce:

"Kwalliya ya yi mata. Ɗan boko ne, ya gani a littafi."

Benci ya kwashe da dariya. Yaya ya yi ta faɗa yana cewa saura kaɗan in kashe shi saboda ado, daga baya shi ma dariyar ta ci ƙarfinsa. To kun ji inda labarinku ya samo asali. Ba ku kuka ƙirƙira ba, ba Yaya ba. Tanimu ne ya yanka mini rigar wauta a tsaye a wurin, ya rufa mini, don kada a ga abin da ke ƙasa.

Kwana biyu ya yi yana kankare fentin. Ya nuna wa Yaya yadda ya daskare a kan ƙusoshin nan masu santsi har ƙarfen ya kasa sakin faifan, da yadda kananzir ya jiƙa fad ɗin suka daina kamawa. Ɗigon cikin inji kuwa bai taɓa ko ɗaya ba. Da muka je ɗaukar motar, ya miƙo mini wani ɗan buhu ɗaure da igiya.

"Tsofaffin kayan da na cire ne, Malam Hamisu. A duba a gani ko sun cika."

Na ce ba sai an duba ba. Ya ce a'a, a dai duba.

Daga ranar haka ya zama. Duk gyaran da aka yi wa motar nan, ko fulogi ɗaya aka canja, sai Yaya ya dawo da ƙulli ya ce, "Ga shi, in ji Tanimu a ba Malam Hamisu." Yaya ya ɗauka sabon wasan taubasai ne. Ni kuwa ban iya zubarwa ba, don in ya tambaya fa? Ban iya buɗewa ba, don in ya ji na buɗe fa? Sai na riƙa tarawa a ɗakin baya. Mahaifiyarku ta yi magana har ta gaji. Ta ce ta auri mai shago ta tsinci kanta a gidan maƙeri. In mun haɗu da Tanimu a suna ko jana'iza, sai ya gaishe ni cikin ladabi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kasuwa. Hulata tana zaune daram a kaina. Abin da na roƙa shekara da shekaru ga shi na samu, kuma ban taɓa jin abu mai nauyi a kaina kamar hular nan ba.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, kada ku ce ban yi ba. Na same shi shi kaɗai na ce ba shi nake nufi ba, masu shiga da fita a garejin nake tsoro.

Ya ce, "Wato ba sata zan yi ba, amanar ce ban iya riƙewa ba. Na gode, Malam Hamisu, wannan ya fi sauƙi."

Na koma na ce ba haka ba ne, wani direba ne ya ba da labari a wurin mai shayi.

"Ka san shi?"

"A'a."

"To ni ka san ni?"

Sai na zauna na rubuta masa wasiƙa, shafi huɗu, na kawo dalilaina ɗaya bayan ɗaya da lamba. Na ba wani mai zuwa Tudun Wada. Motarsu tana tashi na tuna Tanimu allo ya yi, ba ya karanta boko. Dole sai ya ba wani ya karanta masa, asirin da ya rufa ya tonu da hannuna. Na hau keke na bi su har garin Ƙofa, inda suka tsaya ɗaukar fasinja, na karɓe takardata ina haki. Mutumin ya dube ni ya ce dama an gaya masa halina.

Inna ba ta taɓa tambayata ba. Amma wata rana Yaya ya buɗe gaban motar a ƙofar gida tana wucewa, ta tsaya ta leƙa. Da yamma na kai mata goro, ta karɓa ba ta dube ni ba.

"Hamisu, ni kwanona nake yi wa shaida don ya san hanyar gida in ya ɓata a cikin taro. Ban taɓa ɗiga wa kwano don zan aika shi gidan Isa ba."

Iyakar abin da ta ce ke nan, har ta bar duniya.

Shekara shida muna haka. A ta shidan na sayi babur, sabo fil, abin da na fi ƙauna a cikin duk abin da na taɓa mallaka. Ya yi wata uku sai ya fara wata 'yar ƙara da ni kaɗai nake ji. Ina ta zagaya shi a tsakar gida, mahaifiyarku tana tankaɗe, ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Ka kai wa Tanimu mana."

"In je in ce masa me?"

"Kada ka ce komai. Duk abin da ya lalace tsakaninku bakinka ne ya ƙarasa shi. Ka ajiye masa ka juyo."

Ban san ta sani ba. Ashe duk gidan nan ni kaɗai nake zaton ina da asiri.

Na kai shi ranar Litinin. Na kafe shi a gindin darbejiya, na bar makulli a jiki, na ce, "Yana ƙara. Zan dawo wani makon." Tanimu ya ce in tsaya a duba a gabana. Na ce ina sauri. Ya ce to in rubuta lambar inji. Na ce ba ni da biro, alhali biyu ne a aljihuna, yana ganinsu. Na juya na tafi tasha ban waiwaya ba, wuyana har ciwo yake don son waiwaye. Abin da na sha a makon nan ba zan rubuta ba. Na rame, wannan dai mahaifiyarku shaida ce.

Da na koma, babur yana inda na bar shi, an wanke shi. Tanimu ya ce wata ƙusa ce ta saki, ya kuma canja wani abu a ciki. Ya tsaya yana kallona. Babu ƙulli a hannunsa, babu a kan sirdi. Tambayar ta taho har bakin haƙorana: me aka canja, ina tsohon? Na haɗiye ta. Na ce, "Madalla," na ɗora ƙafa zan tayar.

Sai na ji iska a tsakar kaina.

Sabuwar hula ƙube ce, ranar na fara sa ta. Ya juya ta ciki waje, ya shiga rumfarsa, ya fito da wani gwangwani da tsinke. Ina cewa "Tanimu, Tanimu, sabuwa ce," ya ɗiga mata jan fenti sau uku a jere, ya mayar da ita daidai ya kifa mini a ka tun bai bushe ba.

"Na yi maka shaida, bawana. Kada a je kasuwa a canja mana kai da mai hankali, mu rasa abin dariya."

Fentin ya kama mini gashi, sai da aka yi mini aski. Hular kuwa ta tashi daga aiki. Na yi masa faɗa sosai a wurin, a gaban mutane, ya ce in kai ƙara. Daga nan har rasuwarsa ban sake zuwa Tudun Wada na dawo da hula mai tsabta ba.

Ita ce hular da ke ƙasan akwatina, wadda Rabi'u ya taɓa cewa a ba almajiri ya tafi da ita cikin shara. Buhunan ɗakin baya kuwa, da kuke ta cewa a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe, ku bari sai bayan raina. Ban buɗe ko ɗaya ba, ku ma ba sai kun buɗe ba. In za ku ci gaba da ba da labarin a wurin suna, ban hana ku ba, amma ku ba da shi daidai: ba kwalliya ba ce, zargi ne, kuma wanda aka zarga shi ne ya rufa wa mai zargin asiri. Ku cire furen.

Babur ɗin ya yi shekara tara a hannuna. Har na sayar da shi ban taɓa kwance murfin injin na ga abin da Tanimu ya canja ba. Ku da kuka san ubanku, kun san ba ƙaramin abu ba ne.